Me ya haɗa zoben Tolkien da aƙidar Kirista da maganar 'yanci?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, na kalli finafinan The Lord of the Rings da na Narnia, sai na ji ana cewa marubutansu riƙaƙƙun Kiristoci ne, har ma wai aƙidarsu da ra'ayinsu kan 'yancin ɗan Adam a siyasa su ne ginshiƙin labaran. Ni dai matsafa da dodanni da yaƙi na gani. Gaskiya ne, ko masu sharhi ne ke ɗora wa littafi abin da bai ce ba?"

Ƙanena, abin da ka ji gaskiya ne. Sai dai kada ka shiga laluben coci ko fada (limamin Katolika) a cikin labarin Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, domin ba za ka samu ba, da gangan ya cire su. A 1953 ya rubuta wa wani abokinsa fada, Robert Murray, cewa littafin nan na addini ne, na Katolika tun daga tushe, da fari ba tare da ya ankara ba, daga baya kuma da saninsa lokacin da yake gyara. Ya ce saboda haka ne ma ya tsame kusan duk wata maganar ibada daga duniyar da ya ƙirƙira, don addinin ya narke a cikin labarin kansa. Abin da ya narke kuwa ba a ganinsa a fim, inda takubba ke ta walƙiya, sai an zauna da littafin.

Na shekara da shekaru ina karantar da waɗannan littattafai, kuma akwai tambayar da ba ta taɓa tsallake aji. Da zarar mun kai wurin da manya suka zauna shawara a Rivendell kan yadda za a yi da zoben iko na mugun sarki Sauron, sai ka ga hannu ya tashi daga baya: "Malam, ga makami ya faɗo hannunsu, maƙiyi ya fi ƙarfinsu, me zai hana mutumin kirki irin Gandalf ya sa zoben nan ya gama da Sauron kowa ya huta?" Ina murna duk ranar da aka yi wannan tambaya, domin amsarta ita ce zuciyar littafin, kuma ita ce amsar taka.

Duba waɗanda aka miƙa wa zoben. Frodo, ɗan ƙaramin mutumin nan (hobit) da ke riƙe da zoben, ya miƙa wa matsafi Gandalf tun a gida, dattijon ya zabura ya ce kada a jarabce shi, domin ƙofar da zoben zai bi ya shiga zuciyarsa ita ce tausayin raunana da son samun ƙarfin aikata alheri. Ka lura, bai ce kwaɗayi ko mugunta ba, tausayi ya ce. An miƙa wa Galadriel, ta hango kanta sarauniya mai kwarjini wadda kowa zai so kuma ya ji tsoro, sannan ta janye hannu ta yarda ta ƙanƙance ta bar duniyar. Boromir, jarumi mai kishin birninsa, shi ne ya yi tunani irin na ɗalibina, kuma tunanin ya kai shi ga kai wa abokin tafiyarsa hari. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Sam, mai aikin lambu. Zoben ya nuna masa kansa a gaban runduna, ya ba da umarni ƙeƙasasshiyar ƙasar Sauron, Mordor, ta zama lambu mai furanni. Sai ya tuna cewa ɗan ƙaramin lambu guda ya ishe shi, wanda zai noma da hannuwansa, ba da hannuwan wasu da zai riƙa ba umarni ba. Daga baya Tolkien ya faɗa a wata wasiƙa ta 1963 cewa da Gandalf ya karɓi zoben da ya fi Sauron muni, domin zai ci gaba da mulki "don alherin jama'a" har sai ya sa alherin ya zama abin ƙyama.

Wannan tunani yana da asali a aƙidar Kirista, wurin da ake kira faɗuwar Adamu. Kirista ya yarda cewa tun saɓon farko akwai karkata a zuciyar kowane ɗan Adam, sarki da talaka, malami da jahili, ba wanda ya tsira da ƙoƙarin kansa. Musulmi bai yarda ana gadon zunubi ba, a nan addinan biyu suka rabu, amma don fahimtar marubutan nan dole a riƙe yadda su suka ɗauki abin. Idan kowa na da wannan karkata, to ba a ba kura ajiyar nama, kuma babu wanda ba kura ba in aka sakar masa iko marar linzami. A cikin Linjilar Matiyu, sura ta 4, Shaiɗan ya kai Yesu kan dutse mai tsawo ya nuna masa dukan mulkokin duniya ya ce zai ba shi, Yesu ya ƙi. Duk wanda ya tashi da wannan labari a kunnensa zai gane Gandalf da Galadriel nan take. A littafin Sama'ila na farko, sura ta 8, da Isra'ilawa suka nemi a naɗa musu sarki, annabin ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashi 'ya'yansu maza zuwa rundunarsa, ya ɗauki gonakinsu mafi kyau, ya karɓi ushirin hatsinsu, a ƙarshe su zama bayinsa. Augustine, bishop ɗin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rubuta babban littafinsa bayan an ci birnin Rum a shekara ta 410, ya kira cutar da sunanta, sha'awar danne wasu, har ya ce daular da babu adalci a cikinta gungun 'yan fashi ne kawai da ya yi girma. Maganar nan da ake yawan maimaitawa cewa iko yakan lalata mai shi, cikakken iko kuwa ya lalata shi gaba ɗaya, Lord Acton ne ya rubuta ta a 1887, kuma ɗan Katolika ne. Mu giyar mulki muke ce wa abin. Tolkien ya ɗauki wannan giya ya ƙera ta zinariya, ya mai da ita abin da ake sawa a yatsa.

C. S. Lewis, mai Narnia, ya fi abokinsa fitowa fili. A wata maƙala ta 1943 ya ce shi ɗan dimokuraɗiyya ne saboda ya gaskata da faɗuwar ɗan Adam. Yawancin mutane, in ji shi, suna son dimokuraɗiyya don suna ganin jama'a na da hikimar da ta isa a ba kowa rabo a mulki. Shi dalilinsa akasin haka ne, mutum ya lalace har ba a iya amince wa kowa da iko marar iyaka a kan 'yan uwansa. Ya ƙara da cewa yana ƙin bauta ne don bai ga mutumin da ya cancanci zama ubangidan bayi ba. A wannan shekarar dai, cikin watan Nuwamba, Tolkien ya rubuta wa ɗansa Christopher, wanda ke samun horo a rundunar sojan sama, cewa ra'ayinsa na siyasa yana ƙara karkata ga rashin masu juya mutane kwata-kwata, ko kuma ga sarauta irin ta da. Ya ce aikin da ya fi kowane rashin dacewa da ɗan Adam, ko da waliyyi ne, shi ne juya wasu mutane, cikin miliyan ba a samun guda da ya cancanta, balle waɗanda ke neman kujerar da kansu. Ka ga ɗaya ya zaɓi ƙuri'a, ɗaya yana ɗari-ɗari da ita, amma rijiyar da suka ɗebo ruwa guda ce. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai cewa addinin bai ba su jam'iyya ba, tsoron iko ya ba su.

Kuma ba a littafi kaɗai suka koyi wannan tsoro ba. An haifi Tolkien a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu. A 1900 mahaifiyarsa Mabel ta shiga Katolika, dangi suka juya mata baya suka yanke taimakon da suke ba ta. Ta yi ta fama da yara biyu cikin talauci har ciwon suga ya kashe ta a 1904 tana da shekara 34, lokacin ba a gano allurar insulin ba tukuna. Wani fada na Birmingham, Francis Morgan, shi ya riƙe marayun. Tolkien ya mutu yana kallon uwarsa a matsayin wadda ta ba da ranta saboda imaninta. Ka haɗa da cewa 'yan Katolikan Ingila sun yi ƙarnoni doka na hana su muƙamai, sai a 1829 aka buɗe musu majalisa, sai a 1871 aka kawar da sharaɗin aƙida ga yawancin muƙaman Oxford, jami'ar da shi ya zama farfesa a cikinta a 1925. Mutumin da ya fito daga irin wannan gida ya san yadda hukuma ke shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa. Sannan ga yaƙi. Yana cikin waɗanda suka shiga ramukan Somme a 1916, fagen da sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu a ranar farko kaɗai, cikinsu har da amininsa na makaranta. Lewis ma an ji masa rauni a Faransa a 1918. Sun ga abin da gwamnatocin zamani ke iya yi da 'ya'yan mutane in sun haɗa injuna da takardar umarni.

Idan kana son ganin irin ƙasar da Tolkien ke ƙauna, dubi Shire, ƙasar hobit. 'Yan dokarta goma sha biyu ne kacal, alamarsu gashin tsuntsu a hula, kuma yawancin aikinsu koro dabbobin da suka ɓace. Magajin gari ana zaɓensa duk shekara bakwai, babban aikinsa shugabantar walima. Kowane gida na tafiyar da harkarsa. Wannan ya yi daidai da koyarwar da Fafaroma Pius na 11 ya fayyace a 1931, cewa abin da iyali ko unguwa za su iya yi da kansu, zalunci ne babbar hukuma ta ƙwace shi. Sai ga babin da finafinan 2001 zuwa 2003 suka tsallake, wanda ni a wurina tsallake shi babbar asara ce. Bayan an gama da Sauron, hobit huɗun nan suka dawo gida suka tarar an kafa ƙofa mai ƙarfe a bakin gada. An rufe gidajen baƙi, an liƙa jerin dokoki a kowane bango, 'yan doka sun ninka, an sare bishiyoyi, sabon injin niƙa na zubar da ƙazanta a rafi, wanda ya yi magana a kai shi ramin kurkuku. Akwai ma'aikatan da ake kira masu tarawa da rabawa, suna kwashe amfanin gona da sunan raba daidai, talakawa na cewa tarawar ta fi rabawar yawa. Ba dodo ko ɗaya a nan, baƙin 'yan daba ne da maƙwabtan da suka sa hula suka bi umarni. Babu sarkin da ya zo ceto, mutanen gari ne suka busa ƙaho suka taru. A tsakiyar wannan tawaye Frodo bai zare takobi ba, aikinsa hana a kashe waɗanda suka miƙa wuya, har Saruman, matsafin da ya mamaye Shire, da ya kai masa sara da wuƙa, Frodo ya ce a ƙyale shi ya tafi. 'Yancin da ake ƙwatowa ba tare da an koma irin azzalumin ba, wannan Kiristancin Tolkien ne tsantsa.

Lewis kuwa ya je inda mutane da yawa ba sa zaton mai wa'azi zai je. Mutumin da ya yi ta kare Kiristanci a rediyon BBC lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya rubuta cewa mulki da sunan Allah ya fi kowane irin mulki muni. Hujjarsa ita ce ɗan fashi yakan ƙoshi wata rana ya yi barci, amma wanda ke azabtar da kai yana ganin umarnin sama yake cikawa ba zai taɓa gajiya ba, domin zuciyarsa na yaba masa. Littafin Narnia na ƙarshe, na 1956, a kan wannan aka gina shi. Wani tsohon biri ya tsinci fatar zaki, ya lulluɓa wa jaki marar wayo, ya ɓoye shi a bukka yana fito da shi da dare a hasken wuta, ya ce ga Aslan, zakin da yake ubangijin Narnia, nan ya dawo, kuma shi biri ne kaɗai bakinsa. Da sunan Aslan aka sare dazuzzuka, da sunansa aka tura dabbobi aikin bauta. Mafi ciwo shi ne ƙarshen abin, da asiri ya tonu wasu suka ce daga yau ba su yarda da kowane Aslan ba, na ƙarya ko na gaskiya. Mai imani ne kawai zai ji zafin wannan hasara yadda Lewis ya ji ta. A wani littafin kuma wani sarki ya gaya wa ɗansa cewa sarki na ƙarƙashin doka domin doka ce ta naɗa shi, kuma sarauta ita ce ka zama na farko a gaban yaƙi, na ƙarshe a ja da baya, in yunwa ta zo ka ci ƙasa da kowa kana dariya. A 1951 gwamnatin Churchill ta nemi ba Lewis lambar girma, ya ƙi karɓa don kada a ce rubutunsa na addini farfagandar wani ɓangaren siyasa ce.

Wannan dangantaka ta girme su. John Bunyan, wanda labarinsa na tafiyar mai ibada ya fito a 1678 kuma ya zama kakan irin waɗannan labarai a Ingilishi, shekara goma sha biyu ya yi a kurkukun Bedford saboda ya yi wa'azi ba da izinin hukuma ba.

Saura tambayar me ya sa suka zaɓi tatsuniya, manyan malaman jami'a da su. A daren 19 ga Satumba 1931 Tolkien da wani abokinsu Hugo Dyson suka yi ta zagaya wata hanya mai bishiyoyi a kwalejin Magdalen tare da Lewis, wanda a lokacin ya yarda akwai Allah amma bai karɓi Almasihu ba. Lewis na ganin tatsuniyoyin mutanen da ƙarya ce mai daɗi. Tolkien ya ce masa ɗan Adam na ƙirƙirar labari ne domin Mahalicci ya yi shi da wannan baiwa, kuma labarin Almasihu shi ne labarin da ya faru da gaske. Cikin 'yan kwanaki Lewis ya zama Kirista. Daga nan ra'ayin Tolkien ya fito cewa marubuci ƙaramin maƙeri ne a ƙarƙashin Babban Maƙeri, kuma tun da Allah bai tilasta wa halittarsa ba, marubuci ma bai kamata ya tilasta wa mai karatu ba. A gabatarwar bugu na biyu ya ce ba ya son labarin da kowane abu a cikinsa ke wakiltar wani abu guda, irin a ce zobe bam ɗin nukiliya ne, Sauron kuma Hitler. Ya ce irin wannan danniya ce ta marubuci, shi ya fi son a bar wa mai karatu 'yancinsa ya ɗauki abin da ya dace da rayuwarsa. Har wajen rubutu bai yarda ya sa zoben ba. A nan suka saɓa da Lewis, domin Aslan da aka yanka a madadin mai laifi ya kuma tashi ba ya bukatar tafinta, kuma Tolkien bai taɓa son Narnia ba.

Wurin da aƙidar ta fi bayyana shi ne bakin ramin wuta na dutsen Mordor, inda za a jefa zoben ya hallaka. Frodo ya sha duk wahalar duniya ya iso, sai ya kasa. Ya ce zoben nasa ne, ya sa a yatsa. Marubucin da ya yarda jarumi na iya ceton kansa da ƙarfin zuciya ba zai rubuta haka ba. Abin da ya ceci duniya shi ne Gollum, halittar da Bilbo, wanda ya riƙe zoben kafin Frodo, ya ƙi kashewa, Frodo ya ƙi kashewa, Sam ma a ƙarshe ya ɗaga takobi ya fasa. Shi ya ciji yatsan ya faɗa wuta da zoben. Tausayin da aka yi shekaru da yawa baya, wanda masu dabara suka ɗauka wauta ne, shi ya yi aikin da ƙarfi ya kasa. Tolkien da kansa ya danganta wurin da roƙon nan na addu'ar Ubangiji, kada a kai mu ga jaraba, a cece mu daga mugun. Ranar da zoben ya hallaka kuwa 25 ga Maris ce, ranar da coci ke tuna albishir ɗin mala'ika ga Maryamu, wadda kuma tsohuwar al'ada ta ɗauka ranar gicciye. Tafiyar ayarin daga Rivendell ta fara ne ranar 25 ga Disamba.

Ba zan yi maka adalci ba in na tsaya a nan, domin ina ƙaunar marubutan nan kuma ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Tolkien da ya ce ƙin wariyar launin fata na cikin ƙashinsa, wanda a 1938 ya fusata da wani kamfanin ɗab'i na Jamus da ya tambaye shi ko jininsa tsarkakakke ne, har ya rubuta cewa yana baƙin cikin rashin kakanni Yahudawa, shi ne kuma wasiƙarsa ta 1944 ta nuna zuciyarsa na tare da ɓangaren Franco a yaƙin basasar Sifaniya. Dalilinsa sananne ne, an kashe fada-fada da masu hidimar coci kusan 7,000 a wancan rikici. Amma Franco ya yi mulkin kama-karya har 1975, kuma wannan ya nuna mai gargaɗi kan zobe ma yakan kau da kai in wanda ya sa shi na gida ne. Lewis ya zana mutanen Calormen, maƙiyan Narnia, da duhun fata da rawani da lanƙwasasshen takobi. Ba Musulmi ba ne a labarin, gumaka suke bauta wa, kuma ya fito da wani saurayinsu mai gaskiya ya shigar da shi aljanna, amma duk mai karatu daga ɓangarenmu na duniya zai ji wani abu ya soke shi, kuma yana da hakkin ya ji. Haka nan Kiristanci ba shi kaɗai ne ya shayar da labaran ba. Zobe mai ɓoye mutum yana cikin falsafar Plato, zobe mai la'ana yana cikin tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, kuma Tolkien masanin waɗannan ne. Wasu marubutan labaran al'ajabi sun bi ta wata hanya dabam, Philip Pullman ya rubuta nasa tsakanin 1995 da 2000 inda coci ce azzaluma, 'yanci kuwa a tsere mata. Sai dai ko shi, faɗuwar Adamu da Hauwa'u ya ɗauko ya juya, a filin Lewis yake kokawa. 'Yancin da Tolkien ya bar wa mai karatu ma ya yi tsada, domin matasa masu ƙin yaƙi a Amurka sun rungumi littafin a shekarun 1960, masu tsattsauran ra'ayin riƙau a Italiya ma suka kafa sansanin matasa da sunan hobit a 1977.

Za ka iya cewa to ai labarin da naɗin sarki ya ƙare, ina 'yancin? Nemi littafi na uku, ka karanta babin komawar hobit gida, sannan ka buɗe jadawalin shekarun da ke bayan littafin, wanda yawancin mutane ba sa dubawa. A can za ka ga Aragorn, bayan ya hau gadon mulkin ƙasashe biyu, ya kafa doka cewa kada wani ɗan Adam ya taka ƙasar Shire. Shekaru bayan haka ya yi tafiya arewa don ganin tsofaffin abokansa, ya iso gadar Brandywine wadda ke kan iyaka, a nan ya tsaya suka fito suka gaisa.